Zauren Kawu da Ƙofarsa: Yadda Aka Haɗa Inuwa da Rana a Hoto Ɗaya da Ƙaramar Kyamara

A hunturun bara ƴaƴan kawuna suka yanke shawarar rushe zauren gidansu, wanda ke cikin ɗaya daga tsofaffin unguwannin Maraɗi, don su tayar da wani na bulo da siminti. Ba raina aikin kakanni ya sa su yin haka ba. Damina biyu a jere ruwan gabas ya ci gindin bango, azara biyu sun fara lanƙwasa, kuma maginan da suka iya gyaran irin wannan rufi sun yi ƙaranci a gari. Mahaifin Kawu ne ya gina zauren a shekarun da suka biyo bayan ambaliyar 1945, lokacin da Gulbin Maraɗi ya ci tsohon garin da ke cikin kwari, aka hau da mutane tudu aka yanka musu sababbin filaye. Kawu bai hana aikin ba, amma ya sa aka kira ni, ya ce: "Ɗana, kai ne mai kyamara a zuriyar nan. Ina son hoto ɗaya wanda in jikoki suka duba za su ga rufin nan, su kuma ga abin da nake gani ta ƙofa in na zauna a kan buzuna." Na ce masa: "To, Kawu, in Allah ya yarda za a yi." A lokacin ban san cewa abin da ya roƙa yana cikin mafi wuyar abin da ake nema daga kyamara ba.

Zauren mai kusurwa huɗu ne, bakan gizo biyu sun gitta a samansa, kuma a daidai mahaɗarsu an dasa wata tsohuwar tasa mai zanen shuɗi. Babu taga ko ɗaya. Ƙofar waje tana kallon yamma, ƙofar cikin gida kuwa an karkatar da ita gefe kamar yadda aka saba, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Daga inda Kawu ke zama, abin da ake gani ta ƙofar waje shi ne lungu mai yashi, da bangon maƙwabci da aka shafe da farar ƙasa, da reshen dogon yaro da ya sauko a kansa. Duk hasken da ke cikin zauren daga wannan ƙofa yake shigowa, ya daki ƙasa, sannan ɗan abin da ya rage ya hau sama.

Kyamarar da nake da ita Nikon D3200 ce, wadda aka fitar a 2012, kuma ƴar okaziyo ce da wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya kawo mini, tare da lensin da ake sayar da ita da shi, mai milimita 18 zuwa 55. Ta masu koyo ce, tana cikin na ƙasa a jerin irinta na kamfanin a lokacin. Da na ɗauki hoton farko na bar ta ta zaɓi haske da kanta, sai ƙofar ta fito fari fat, babu bango babu ganye, rufin kuma ya fito baƙi-baƙi. Na rage hasken har lungun ya bayyana, sai zauren ya zama baƙi ƙirin, kamar an yanka ƙofa a jikin dare. Na kunna filash, sai ya haske bangon kusa ya kashe inuwar da ke fito da tudu da kwarin yaɓen, bakan gizon ya koma kamar zane a kan takarda. Wayar ƙanena mai HDR, wato tsarin haɗa hotuna masu haske daban-daban su zama ɗaya, ta fi kyamarata kusantar abin da ake so, amma da muka faɗaɗa hoton sai muka ga ta murje yaɓen ya yi sulɓi, zanen tasar kuma ya narke, ba zai jure a buga shi babba ba.

Dalilin wannan gazawa yana bukatar bayani, domin a kansa duk sauran aikin ya ginu. Masu hoto suna auna haske da mataki, kuma kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi. Na sa kyamarar a ISO 100, wato ma'aunin yadda take jin haske, na tsayar da buɗewar lensi, wato faɗin kafar da haske ke bi, a f/8, na yi amfani da ma'aunin da ke auna ɗigo ɗaya kawai. Bangon maƙwabci ya nemi labulen kyamara ya buɗe na 1/500 na daƙiƙa, rufin zaure kuwa ya nemi daƙiƙa 2. Tsakanin waɗannan biyu akwai mataki 10, wato hasken waje ya ninka na rufin sau kusan 1000, kuma wannan lissafin bai haɗa da wurin da farar ƙasa ta fi ƙyalli ko lungun azarar da ya fi duhu ba. A gwajin da masana ke yi ana ba sensar wannan kyamara, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta, kusan mataki 13, amma matakan ƙasa cike suke da tsaki-tsaki, ta yadda in ka ɗago su a kwamfuta launi ya lalace. Idon mutum ba ya jin wannan wahala saboda ba kallo ɗaya yake yi ba. In Kawu ya dubi ƙofa ƙwayar idonsa ta tsuke, in ya ɗaga kai ta buɗe, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa masa su wuri guda har ya ɗauka gani ɗaya ya yi. Abin da ake kira HDR kwaikwayon wannan ne: a ɗauki wuri ɗaya sau da yawa da haske daban-daban, sannan a haɗa. Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, domin tun a shekarun 1850 Gustave Le Gray na Faransa yakan ɗauki teku daban, sararin sama daban, ya buga su a takarda ɗaya.

A nan ne ƙarancin kyamarata ya bayyana. Kyamarori da yawa suna da tsarin da ke ɗaukar hotuna uku ko fiye a jere, ɗaya mai duhu, ɗaya matsakaici, ɗaya mai haske, ba tare da ka sake taɓa komai ba. Nikon ba ta sa wannan tsari a jerin D3000 ba, tun daga D3000 ɗin har zuwa D3500. Ƙananan Canon irin su 1100D da 1300D suna da shi, amma hoto uku ne kawai, mataki 2 sama mataki 2 ƙasa, wanda ko shi ba zai ishi wannan zaure ba. Saboda haka ko da wace ƙaramar kyamara aka zo, sai an yi aikin da hannu.

Ranar farko na yi shi ba daidai ba, kuma kurakuran sun cancanci a faɗe su dalla-dalla don su ne kowane mai farawa zai yi. Na kife turmi na ɗora kyamarar a kan ƙullin gero, na bar ta a harafin A, inda ita ke zaɓar tsawon lokacin ɗauka, ina ƙara haske ina ragewa da maɓallin gyara. Na bar lensin yana neman saiti da kansa, shi kuwa a cikin duhu sai ya yi ta kai da komo, wani hoton ya kama bakin ƙofa, wani ya kama bangon waje, kuma duk lokacin da saitin ya canza girman abin da ke cikin hoton yakan ɗan canza. Na bar daidaiton fari, wato saitin launi, a hannun kyamara, sai jar ƙasar bangon ta fito ja a wani hoton, ta fito toka-toka a wani. Ƙullin geron ma yakan ɗan nutse duk sa'ad da na danna maɓalli. Da dare na ɗora hotunan a kan juna a kwamfuta, babu biyu da suka hau daidai. Har ila yau na zo da azahar ta gota, lokacin da rana ta fara leƙowa ta ƙofar yamma ta zuba a ƙasan zauren, abin da ya ƙara faɗin tazarar da nake ƙoƙarin rufewa.

Bayan kwana biyu na koma da hantsi, wajen ƙarfe 9, lokacin da rana ke bayan gidan, kuma hazon hunturu ya ɗan tausasa ta. Na aro ƙafa uku daga wani abokin sana'a, na kafa ta a kusurwar da ke bayan buzun Kawu, na rataya mata jaka mai tubali biyu don ta yi nauyi. Na tsayar da kyamarar a tsaye maimakon a kwance, domin milimita 18 a kan ƙaramar sensa ba ta da faɗin da zai ɗauki rufi da ƙasa tare in ba haka aka yi ba. Sannan na ƙwace duk wani zaɓi daga hannun kyamarar. Na mayar da ita harafin M, wato saitin hannu, na kashe ISO mai canza kansa, na tsayar da daidaiton fari a kan hasken rana, na kashe Active D-Lighting, wato mai ɗago inuwa da kansa, na saita lensin sau ɗaya a kan bakan gizo na gaba sannan na mayar da shi saitin hannu, na kuma kashe VR, wato mai rage girgiza, domin a kan ƙafa uku yakan nemi girgizar da babu har ya haifar da ita. Wajen ajiye hoton na zaɓi RAW, wato ɗanyen hoto, maimakon JPEG, saboda JPEG yana riƙe darajar haske 256 ne kawai a kowane launi, RAW na wannan kyamara kuwa yana riƙe 4096.

Abu ɗaya ne kaɗai ya halatta ya canza tsakanin hoto da hoto, shi ne tsawon lokacin da labulen kyamara ke buɗe. Ba a taɓa buɗewar lensi, domin ita ce ke yanke iyakar abin da zai fito tar da abin da zai yi dishi-dishi, kuma in ta canza hotunan ba za su haɗu ba. Na tsaya a f/8 ban matse zuwa f/16 ba saboda wani dalili da duk mai kyamara a Maraɗi ya sani: ƙurar hunturu ba ta barin sensa, kuma ƙaramar buɗewa ce ke fito da kowane ɗigonta baƙi a kan hoto. Na fara daga 1/1000, na duba jadawalin haske a bayan kyamarar, wanda duhu ke hagunsa haske ke damansa, na tabbatar babu abin da ya manne a bangonsa na dama, wato babu farin da ya ƙone. Tayar da ake murzawa da babban yatsa tana tafiya ne kashi ɗaya cikin uku na mataki, don haka ƙas shida mataki 2 ke nan. Na riƙa ƙirgawa a zuci, ina murzawa a hankali kamar mai taɓa ƙwai, ina sa agogon daƙiƙa 2 kafin kowane ɗauka don hannuna ya bar jikin kyamarar: 1/1000, 1/250, 1/60, 1/15, 1/4, daƙiƙa 1, daƙiƙa 4. Hoto 7 ke nan. Na tsaya a na bakwai ne domin a nan jadawalin ya nuna lungun azara ya baro bangonsa na hagu. Na maimaita jerin sau uku, domin a zagaye na farko ɗan kabu-kabu ya gifta, a na biyu kuma akuya ta tsaya a bakin ƙofa.

Akwai wata matsala da ban yi tsammaninta ba, kuma ita ta fi cin lokacina. A hotuna masu dogon lokaci, hasken ƙofar yakan yi yawa har ya watsu a cikin gilasan lensi, ya zuba wani farin hayaƙi a kan bangon da ke kewaye da ita, ya wanke launinsa. Na cire gilashin kariya da ke gaban lensin, wanda ya riga ya sha ƙura, na goge lensin kansa, abin ya ragu amma bai tafi ba. Rufe ƙofar da tabarma ba zai yiwu ba tunda ita ce fitilar ɗakin. Abin da na yi shi ne na yanki baƙin kwali, na riƙe shi a gaban lensin ta yadda ya tare ƙofar kaɗai daga idon kyamara, haske kuwa yana ci gaba da shiga zauren yadda yake, na ƙara ɗaukar hoton daƙiƙa 1 da na daƙiƙa 4. A waɗannan biyu bangon ya fito da jansa na gaskiya, har ana ganin sawun yatsun maginin da ya yi yaɓen. Daga ƙarshe na roƙi Kawu ya zauna a mazauninsa. Dattijo ba zai daskare na daƙiƙa guda ba, kuma bai kamata a nemi haka gare shi ba, don haka na ɗaga ISO zuwa 400 na ɗauke shi a 1/30, a hasken da ke faɗo masa ta ƙofa.

Aikin kwamfuta na yi shi ne da manhajojin kyauta. Na wanke hotunan RAW a darktable da saiti iri ɗaya, na fitar da su a tsarin TIFF mai bit 16. Kowanne ya kai kusan megabait 144, bakwai ɗin sun haura gigabait ɗaya, tsohuwar kwamfutata ta kasa ɗauka, sai na rage girmansu don gwaji, na bar cikakken girma sai zagayen ƙarshe. Na daidaita su da Hugin, wanda ya gyara ɗan motsin da murza taya ya haifar. Sannan na zuba su a Luminance HDR, wadda ke bin hanyar da ta samo tushe daga aikin da Paul Debevec da Jitendra Malik suka gabatar a 1997: a haɗa hotunan su zama taswira ɗaya ta ainihin hasken wurin, daga baya a matse ta ta shiga abin da allo ko takarda ke iya nunawa. Matsewar dole ce, domin takardar hoto ba ta ɗaukar abin da ya wuce mataki 7 ko kusa da haka tsakanin farinta da baƙinta.

Abin da ya fito ya burge ni a daren. Kowace azara ta fito, kowane tsagi na bango ya fito, ganyen dogon yaro kore shar, rufin yana da haske daidai da na lungun waje. Washegari na kai wa Kawu a waya. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini ya ce: "Ɗana, ka sha aiki, Allah ya yi albarka. Amma wannan ba zaurena ba ne. Zaurena in ka shigo daga rana sai ka tsaya idonka ya huce tukuna. Wannan kuwa kamar an cire masa rufi." Da na sake duban hoton da idonsa sai na ga gaskiyar maganar. Akwai farin zobe kewaye da ƙofar da gefen bakan gizo, launuka sun yi kauri fiye da kima, kuma babu inda ido zai gane daga ina haske ke fitowa. Na ɗauka aikina shi ne in kori duhu gaba ɗaya, alhali inuwar nan ita ce dalilin gina zaure tun farko. Don ita baƙo ke samun wurin hutawa a bazara, don ita dattijo ke iya ganin mai zuwa kafin mai zuwa ya gan shi. Hoton da ya daidaita ciki da waje ya faɗi ƙarya game da ginin, ko da kuwa kowane ɗigo nasa daga wurin aka ɗauko shi.

Na koma na bar waccan hanya na ɗauki Enfuse, wadda ke aiki da dabarar da Tom Mertens da abokan aikinsa suka wallafa a 2007. Ita ba ta gina taswirar haske, tana duba kowane yanki ne ta ɗauko shi daga hoton da ya fi fitowa daidai a wurin, ta saje su a hankali, kuma sakamakonta ya fi kusa da abin da ido ya saba. Duk da haka ta haskaka rufin fiye da yadda nake so. Na cire hoton daƙiƙa 4 daga haɗin, na riƙe shi don lungun azara kawai. A manhajar GIMP na yi sauran da hannu. Na mayar da rufin ƙasa har ya zama sai an ɗan tsaya kallo kafin tasar ta bayyana, na bar lungun waje da haskensa mai ƙarfi, yana gab da ƙonewa amma ana ganin yaɓen farar ƙasar. Ganyen dogon yaro da iska ta kaɗa ya fito ninki-ninki kamar fatalwa, don haka na share shi na ɗauko shi daga hoto ɗaya tak, na 1/250. Bangon gefen ƙofa na ɗauko shi daga hotunan baƙin kwali, Kawu kuma daga nasa hoton. Ƙa'idar da na riƙe a duk wannan ita ce kada wani abu na cikin zaure ya fi wani abu na waje haske, kuma haske ya riƙa raguwa daga bakin ƙofa zuwa sama kamar yadda yake yi a zahiri.

Ba komai ya gyaru ba. A saman ƙofar akwai ɗan siririn wuri inda hayaƙin hasken ya rage, domin kwalin bai rufe shi ba, kuma kusurwoyin hoton ba su kai tsakiyarsa fitowa tar ba, wanda halin wannan lensi ne a milimita 18. Da kyamara mai tsada ce da ta rage mini yawan hotuna da yawan murza taya, wataƙila uku ko huɗu su isa. Amma ba na jin da ta hana ni kuskuren da Kawu ya gani, domin ba a cikin kyamara aka yi shi ba.

Na buga gwaji ƙarami tukuna, ya fito da duhu fiye da yadda yake a allo, kamar yadda takarda ta saba, na ɗan ɗaga tsakiyar hasken na sake bugawa a santimita 40 da 60. Kawu ya karɓa ya fita da shi bakin ƙofa, ya kai yatsa kusurwar da ta fi duhu a sama ta hagu, inda wani ƙaramin turke ya fito daga bango, ya ce a nan mahaifinsa ke rataye allonsa. Ni ban ma lura da turken ba sai a lokacin. Bayan mako biyu aka fara rushewa, aka ciro tasar lafiya aka ba shi. Hotunan RAW na ajiye su a wuri biyu, tare da takardar da na rubuta saitin kowanne. Maƙwabcin da bangonsa ya fito a hoton ya nemi in yi masa irin wannan a nasa zauren kafin damina, kuma tunda ƙofarsa gabas take kallo, mun yi da shi zan zo bayan la'asar.